Kahraman: yaya ake gane na gaske, kuma ina asalin maganar tsarin da ake jingina masa?

Maman Sadiƙ:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani su taimaka mini da bayani a kan dutsen nan mai ruwan zuma da ake ce wa kahraman. Tallarsa ta cika WhatsApp da Instagram kwanan nan, galibi iri biyu: carbi mai ƙwaya 33, da 'yar sarƙar wuya ta jarirai. Masu sayarwa suna cewa sarƙar tana sauƙaƙa wa yaro fitar haƙori, tana kuma tsare shi daga kambun baka. Carbin kuwa wai yana kwantar da faɗuwar gaba, yana zuƙe damuwa daga jikin mai jan sa. Kuɗin ma wani ya ninka wani sau goma, alhali a hoto duk kamarsu ɗaya.

Shi ne ambar ɗin da ake sa wa a turare, ko wani abu ne daban? Yaya mutum zai gane na gaske a gida ba tare da na'ura ba? Sannan maganar tsarin nan tana da tushe, ko bakin 'yan kasuwa ne kawai?

Ɗan Koli:

Wa alaikumus salam Hajiya. A fara raba su tukuna, don ba abu ɗaya ba ne. Ambar na turare daga teku yake, a cikin hanjin wata ƙatuwar dabbar ruwa yake haɗuwa, ana tsintar sa a gaɓa, launinsa toka-toka, jikinsa kamar busasshen kaki. Turawa ne suka ari kalmar anbar daga Larabci suka laƙaba wa abu biyun, shi ya sa 'yan talla suke cakuɗa su. Turaren kwalba ma da ake rubuta wa wannan sunan, yawancinsa babu ko ɗaya a ciki, haɗin ƙaron itatuwa masu ƙamshi ne da banila.

Shi kahraman ba dutse ba ne ma. Ƙaro ne, irin yadda maje yake fitar da nasa, sai dai na itatuwan da suka mutu tun da daɗewa, ƙasa ta binne shi har ya ƙeƙashe. Wanda ya fi yawa a kasuwar duniya na yankin tekun Baltik ne, masana ilimin ƙasa suna ba shi shekara miliyan 35 zuwa 50. Mahaƙarsa mafi girma tana Yantarni, a lardin Kaliningirad na Rasha, inda ake ƙiyasta kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da za a iya haƙowa a duniya, aikin sassaƙa da cinikinsa kuma birnin Gidansk na Folan ya yi suna a kai. Akwai na Jamhuriyar Dominika da na Ciyafas a Meziko, akwai na ƙasar Bama, wato Myanmar, wanda ya kai shekara miliyan 99.

Idan kin riƙe cewa ƙaro ne, rabin gwajin ya zo da sauƙi. Ba shi da nauyi, ba ya sanyi a hannu, yana da taushi, kuma wuta tana cin sa. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, yana tsakanin 2 da 2.5, wato daidai da farcen mutum. Gilashi yana 5.5. Duk ƙwayar da kika ɗora a kumatu kika ji sanyi, ko kika ƙwanƙwasa a haƙori ta yi ƙara ƙal, gilashi ce, an gama da ita.

Sauran jabun su ne masu wahala. Akwai matsattse, wato ɓarɓashin na gaske da aka dafa aka matse ya zama dunƙule. Akwai kofal, ƙaro ne shi ma amma ɗanye, bai kai ya ƙeƙashe ba, ana kawo shi daga Madagaska da Kolombiya. Akwai bekalait, tsohuwar roba mai tauri da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, sai kuma robobin zamani. Wanda zai sayi carbi daga Turkiyya ya lura da suna: damla kehribar shi ne na gaske, sıkma kehribar da ateş kehribar kuwa haɗin roba ne, duk da kalmar kehribar da ke jikinsu. A kasuwannin Larabawa ma faturan da bakalait ba kahraman ba ne, kuma masu gaskiya ba sa ɓoye hakan, sun san kowanne da masu son sa.

Gwaji na farko ruwan gishiri. Ki cire ƙwaya ɗaya daga zaren, don zare da tuntu da ƙarfe suna janye ta ƙasa su ruɗe ki. A ruwan sha zalla kahraman nutsewa yake yi, a ruwan da ya ji gishiri sosai kuwa sai ya taso. Gilashi da bekalait suna zama a ƙasa ko nawa aka zuba gishiri. Bayan an gama a ɗauraye ƙwayar da ruwa mai kyau a goge, gishirin da ya bushe a jikinta yana dusashe ƙyallinta.

Na biyu ruwan goge jan farce, mai asiton a ciki. Ɗigo ɗaya a bakin hudar ƙwayar, ki ƙirga talatin, ki taɓa da yatsa. Kahraman ba ya canzawa. Kofal sai ya yi danƙo, har zanen yatsa ya fito a jikinsa. Wurin da wannan gwajin yake yaudara shi ne idan an shafe ƙwayar da man ƙyalli, sai man ya narke ki ɗauka kofal ne, ko kuma ya tsare kofal ɗin asiton bai kai gare shi ba. Shi ya sa ake ɗigawa a bakin huda, inda zare ya riga ya cinye shafen.

Na uku allura mai zafi, shi ne na ƙarshe don yana barin tabo. A gasa tsinin allura a wutar kyandir har ya yi ja, a taɓa cikin hudar, ba fuskar ƙwayar ba. Na gaske yana fitar da ɗan farin hayaƙi mai ƙamshin ƙaro, allurar tana shiga da ƙyar, wurin yana ɗan ɓarɓashewa. Kofal yana narkewa nan take. Robar zamani tana baƙi tana kama allura, da ƙaurin leda. Bekalait kusan ba ya huduwa, amma warinsa ba ya ɓuya: irin na soket ɗin lantarki da ya ƙone. Idan aka ji ƙamshin kafur a janye allura maza, tsohuwar robar seluloyid ce, kuma tana kamawa da wuta farat ɗaya.

Gogawa a tsumma a ga ya ɗauki guntayen takarda, wanda 'yan talla suka fi nunawa a bidiyo, ba hujja ba ce. Biro ma in aka goga shi a gashi yana yin haka.

Mai Sikeli:

Bayanin Malam Ɗan Koli ya yi, sai dai "gishiri sosai" ɗin nan ne yake kayar da mutane, don yawan gishiri ma yana ɓata gwajin. Nauyin kahraman idan aka gwada da na ruwa 1.05 zuwa 1.10 ne. Ruwan da aka cika wa gishiri har ya daina narkewa yana kaiwa 1.20, kuma akwai robar akirilik mai 1.18, wadda za ta taso a cikinsa lafiya lau ta wuce a matsayin ta gaske. Abin da ake so ruwa mai wajen 1.15. Leda ɗaya ta fiya wata, rabin lita ke nan, a zuba gishiri giram 125, kimanin cokalin cin abinci bakwai a shafe, ba da tozo ba. A motsa har ya narke tas, a bar shi ya kwanta. Idan ana shakkar awon a saka ɗanyen ƙwai sabo: in bai taso ba, gishirin bai isa ba. A kuma girgiza ƙwayar a cikin ruwan don iskar da ta maƙale a huda ta fita, in ba haka ba kumfar tana iya ɗaga roba mai nauyi.

Kuma tasowa ba ta nufin an gama. Kofal yana tasowa, matsattse yana tasowa, robar folistirin mai 1.05 ma tana tasowa. Ruwan gishiri yana kore na banza ne, ba ya tabbatar da na kirki.

Mai ƙaramin sikelin masu gwal, wanda yake nuna 0.01 na giram, zai iya fitar da lambar da kansa. A auna ƙwayar a bushe a rubuta. A ɗora ƙaramin kofi da ruwa a sikeli a mayar da shi sifili, a ɗaure ƙwayar da siririn zare a zura ta cikin ruwan, ta nutse duka amma kada ta taɓa gindi ko gefe, a rubuta abin da ya nuna. A yi lissafi, a raba lambar farko da ta biyu. In ya ba da 1.25 zuwa 1.30, bekalait ne. Ko ba wannan, nauyin carbin gaba ɗaya yana magana. Ƙwaya mai faɗin milimita 10 ta kahraman ba ta wuce giram 0.56, ƙwaya 33 wajen giram 18 ke nan, da limamin carbin da tuntu a ce ashirin da 'yan kai. In girman nan ne kuma sikeli ya haura 40, gilashi aka ba ki.

Tocilan mai hasken shuɗi da ake duba takardar kuɗi da ita tana taimakawa, a ɗaki mai duhu. Na Baltik yana haskawa fari-shuɗi ko kore-kore kamar an shafa masa madara. Mai lamba 365 ta fi mai 395 nunawa. Tsohuwar ƙwaya da fatarta ta yi duhu ba ta haskawa sosai, don haka a leƙa cikin huda.

Matsattse ne yake wuce duk waɗannan, tunda asalinsa na gaske ne. Sai da madubin ƙara girma mai ninki 10 da haske ta baya. Kumfar cikin na gaske zagayayya ce, ta matsattse kuwa a miƙe take kamar ƙwayar shinkafa, duk sun fuskanci gefe guda, kuma ana ganin iyakokin guntayen da aka haɗa kamar hayaƙi ya daskare, wani lokaci da jan layi. Ba laifi ba ne a saye shi, laifin a biya kuɗin ɗanye a kansa.

Abubuwan nan masu kama da ɓawon kifi da ke walƙiya a ciki, waɗanda ake cewa alamar asali ce, alamar wuta ce. An dafa shi don ya washe, kumfar ciki ta fashe ta bar wannan tabon. Ja mai ruwan zoɓo da kore shar galibi su ma aikin wuta ne ko rini. Maganar ƙwari kuwa: ƙatuwar kunama da ta zauna daram a tsakiya, ƙafafu a shimfiɗe kamar an yi mata hoto, a roba aka zuba ta. Ƙwarin gaske ƙanana ne, irin ƙuda da tururuwa na milimita 2 zuwa 5, a karkace, da ƙura da guntun ganye a gefensu.

Saye ta hoto cinikin biri a sama ne. In ba makawa, a yi sharaɗin mayarwa tun kafin a tura kuɗi, kuma a nemi nauyin carbin da girman ƙwaya a rubuce.

Alƙalami Ya Fi Takobi:

Ni ɓangaren tsarin zan taɓa, 'yar'uwa. Maganar ba 'yan Instagram suka ƙirƙire ta ba, ta girme su da dubban shekaru. Amma in an bi ta a hankali, kowace da'awa tana komawa ga wata ɗabi'a da ido yake gani a jikin abin.

Babbar cikinsu jan da yake yi. Girkawa sun lura tun zamanin masaninsu Talis na Militus, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, cewa in an goga shi yana ɗaukar ƙaiƙayi da gashin tsuntsu. Suna kiran sa elektiron. Farisawa suka ce masa kahruba, wato mai fizgar ƙaiƙayi, daga nan Larabci ya sami kahraba'u, sunan wutar lantarki a yau. William Gilbert, likitan Ingila, ya ɗauki sunan Girkancin a littafinsa na 1600 ya raɗa wa wannan ƙarfin, har kalmar ta zo bakinmu ta zama lantarki. Ke nan duk wanda ya ce an kawo lantarki, sunan kahraman ya ambata bai sani ba. Mutumin da ya ga abu yana jawo ƙaiƙayi ba hannu ba igiya, ba wuya ya ce zai jawo ciwo daga jiki. "Yana zuƙe damuwa" ɗin da kika ji, jikan wannan tunanin ne.

Launinsa da ɗuminsa suka sa aka haɗa shi da rana. A tatsuniyar Girkawa, hawayen 'ya'yan rana mata ne da suka yi wa ɗan'uwansu Fayeton kuka a bakin kogi har suka rikiɗa itatuwa. Mutanen Lituweniya suna cewa ɓaraguzan fadar Yurate ne, sarauniyar ƙarƙashin teku, da Ferkunas mai tsawa ya farfasa don ta so masunci ɗan Adam, shi ya sa teku take watso shi gaɓa bayan hadari. A Sin sunansa hufo, ana cewa kurwar damisa ce da ta shige ƙasa bayan ta mutu, kuma har yau masu maganin gargajiyarsu suna ba da garinsa don rashin barci da firgita. Rawayarsa kuma ta sa aka riƙa rataya wa mai ciwon shawara, bisa tunanin rawaya za ta janye rawaya.

Wanda ya fi kowa tattara waɗannan a dā shi ne Filini Babba, Barume da ya rasu a shekara ta 79. Ya rubuta cewa ana ɗaura wa jarirai shi a matsayin laya, kuma matan ƙauye na arewacin kogin Fo a Italiya suna sa shi a wuya don ciwon maƙogwaro, saboda ruwan yankin yana cutar da wuya. Yau an san maƙoƙon mutanen tsaunukan nan ƙarancin sinadarin aidin ne, gishiri mai aidin ya yi maganinsa, ba sarƙa ba. Shi Filinin ma ya yi ƙorafin cewa ɗan ƙaramin gunkin kahraman ya fi lafiyayyen bawa tsada a Rum.

A wajen likitocin Musulmi na dā magani ne. Ibn Sina ya ambaci kahruba cikin magungunan bugun zuciya da tsayar da zubar jini. Daga nan maganar "yana kwantar da zuciya" ta samo ƙafa, sai dai shi garinsa yake nufi cikin haɗin magani, ba carbi ba, kuma likitancin yau bai tabbatar da ita ba. Carbin kansa ba Musulmi kaɗai suka so shi ba: a ƙarni na 14 akwai ƙungiyoyin masu sana'a a biranen Buruj da Lubek na Turai da ba su da aiki sai fere wa Kiristoci carbin addu'a na kahraman. Dalilin a fili yake, ba nauyi, ba sanyi, yana daɗin ja, in ya ɗumama a hannu yana ɗan ƙamshi.

A nahiyarmu, matan Barbar na Maroko suna sa manyan ƙwayoyinsa, suna ce masa luban, ado ne, dukiya ce, ana kuma ɗaukar sa kariya daga ido. Matan Fulani na Mali suna kitsa shi a gashi. A ƙasar Hausa abin da aka saba ɗaura wa yaro laya ce da guru da kambu. Sarƙar haƙori ta kahraman daga Turai ta biyo intanet ta iso. Zancen cibiyoyin ƙarfi na jiki da "caja shi a rana" kuwa na masu warkarwa da duwatsu ne na Amurka da Turai, sun aro kalmomi daga addinan Indiya suka yi musu kwaskwarima. Shanya shi a rana ma tsattsaga shi take yi.

Anti Nas:

Maman Sadiƙ, carbi ki yi yadda kika ga dama da shi, amma sarƙar nan kada ta hau wuyan jariri, ta gaske ce ko jabu.

Hujjar masu sayarwa ita ce na Baltik yana ɗauke da sinadarin sukusinik, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari, wai ɗumin jiki yana fito da shi ya shiga fata ya kashe zafi. Sinadarin yana ciki, gaskiya ne, amma a ɗaure yake, sai an gasa abin a zafin da ya doshi digiri 200 yake fita. Jikin yaro digiri 37 ne. Haɗarin kuwa tabbatacce ne. A Disambar 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan irin sarƙoƙin nan bayan wani yaro ɗan wata 18 ya rasu, sarƙar kahraman ta shaƙe shi yana barci. Hanya biyu ce: ta maƙale a wani abu ta shaƙe wuya, ko ta tsinke ƙwaya ta faɗa hanyar numfashi ko hanci ko kunne. Ƙullin da ake yi tsakanin ƙwaya da ƙwaya yana hana su watsewa duka ne kawai, alhali guda ɗaya ta isa. A goyo ma, wuyan yaro yana bayanki, ba ki ganin abin da zani ya ja.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake jingina wa haƙori komai. Haƙori yana farawa wajen wata shida, yana kawo dalala, ƙaiƙayin dasashi, ƙyuya da ɗan ɗumin jiki. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, gudawa, amai, ƙin nono, waɗannan ba haƙori ba ne. Lokacin ne ya zo daidai da sanda yaro yake kai komai baki. A yi gwajin maleriya, mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zink kamar yadda ma'aikacin lafiya ya tsara. Wanda ya rataya sarƙa ya zauna jira, kwanakin da ya kamata a je asibiti ne suke wucewa. Kuma ba a gudu daga sarƙa a faɗa wa kowane ruwan maganin haƙori ba. Ba a manta da wanda ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009 ba.

Abin da yake aiki: a wanke hannu a murza dasashin da yatsa minti ɗaya zuwa biyu, ko a ba shi tsaftataccen tsumma mai sanyi ya ciza ana kallon sa. Daka ƙwayar a sha ko jefa ta a kaskon turare kuma a bar shi, tunda in bekalait ce hayaƙin guba za a shaƙa.

Malam Na-Zaure:

Allah ya saka wa waɗanda suka gabata. Ta fuskar shari'a, Hajiya, abin yana bin niyyar da aka sa shi da ita. Ado da kahraman halal ne, cinikinsa halal ne, carbinsa kuma hukuncinsa hukuncin kowane carbi, na itace ko na roba, ladan zikiri ba ya ƙaruwa da tsadar ƙwaya.

Rataya shi don ya tunkuɗe kambun baka ko aljanu shi ne inda matsalar take. Kalmar tamima da ta zo a hadisi, malamai sun fassara ta da duwatsun da Larabawa suke rataya wa 'ya'yansu don tsoron ido, wato wannan surar ce sak. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Uƙba bin Amir cewa wanda ya rataya tamima ya yi shirka, Abu Dawuda kuma ya ruwaito makamancinsa daga Ibn Mas'ud. Saɓanin da ake ji tsakanin malamai a kan layar da aka rubuta Alƙur'ani ne a cikinta. Dutse ko ƙaro bai shiga wannan saɓanin ba. Sayyidina Umar ma a gaban Hajarul Aswad cewa ya yi ya san dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa.

In an ce ai magani ne ba tsari ba, to magani sai an tabbatar da shi ta hanyar gwaji da masana, kuma kin ji abin da Anti ta faɗa. Abin da ya tabbata a yi wa yara shi ne addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa Hasan da Husaini: u'izukuma bi kalimatillahit tammati min kulli shaiɗanin wa hammatin wa min kulli ainin lammatin. Ga ɗa namiji guda a ce u'izuka, mace u'izuki.

Masu sayarwa kuma su sani, sayar da roba da sunan kahraman algus ne, mai saye yana da haƙƙin mayarwa in ya gano.

Maman Sadiƙ:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Sarƙa dai an fasa. Saura abu biyu: in carbin ya tabbata na gaske, yaya ake kula da shi? Sannan manyan ƙwayoyin nan masu ruwan ƙwaiduwa da ake gani wajen 'yan koli, ana cewa na tsofaffin Fulani ne, su ma kahraman ne?

Ɗan Koli:

Mafi yawansu ba shi ba ne, Hajiya. Bekalait ne da danginsa, da aka yi a Turai a farkon rabin ƙarni na 20 aka shigo da su Afirka, har masu tara kayan tarihi suke kiran su kahraman ɗin Afirka. Ki tsoma ɗaya a ruwan zafi rabin minti ki shinshina, warin soket ɗin nan zai fito. Wannan bai sa su zama na yarwa ba, tsofaffin da suka sha hannu, hudarsu ta faɗaɗa saboda cin zare, suna da kasuwarsu da kuɗinsu. A dai saye su da sunansu. Na gaske a cikinsu in ya tsufa fatarsa tana yin ƙananan tsaga kamar busasshen tabki, kuma nauyinsa bai kai yadda girmansa ya nuna wa ido ba.

Kula da carbi kuwa, abokan gabansa turare mai sifirit, man wanke hannu na annoba, sabulun wanki da zafi. A fesa turare ya bushe kafin a ɗauka. Kada a rataye shi a madubin mota ko a bar shi gaban gilashi, ranar Afrilu tana tsattsaga shi. Kada ya kwana aljihu ɗaya da makulli ko tsabar kuɗi, kuma ƙurar hunturu a hure ta kafin a goge, don yashin cikinta ya fi shi tauri, gogewa a bushe karce ne. Wanki ruwa mai ɗumi kaɗan da tsumma mai laushi. In ya dusashe, ɗigo ɗaya na man zaitun a tafin hannu a murza carbin duka, a goge ragowar tas, in an bari yana kama datti.

Zare a riƙa duba shi, a sauya da zarar ya fara gashi, kuma kada a sa na ƙarfe ko igiyar kamun kifi mai kauri, suna cin bakin huda har ƙwaya ta tsage. A bar sarari kamar faɗin yatsa biyu a zaren don ƙwayoyin su sami wurin gudu. Farin mai ruwan madara zai riƙa komawa rawaya da shekaru, iska ce take yin haka, ba lalacewa ba ce, kuma a kasuwar carbi wanda ya rine da kansa ya fi sabo kuɗi.